Mai Taimako Ma Yana Sallama: Matasa da Dokokin Masaukin Marasa Gida

Jama'a masu sauraro, na Yekuwa da ƙauyukanta, na Magarya da Dungas, da ƴan'uwa na tsallaken iyaka waɗanda muryarmu ke iskewa wajen Zango da Baure da Maigatari,  maganar yau ta samari ce da ƴan mata, masu shekara 13 zuwa 18, waɗanda in aka ce ga wasu bayin Allah can an tara su ba su da wurin kwana, su ne farkon isa da bokiti da tsintsiya. Sau da yawa saurayi yakan iso da zuciya ɗaya, sai mai kula da wurin ya tare shi a bakin ƙofa: shekarunka nawa, da sanin iyayenka ka zo, ajiye wayarka, kada ka shiga ɓangaren mata, magariba na yi ka tafi gida. Sai yaro ya juya ransa a ɓace, yana cewa alheri ya kawo aka yi masa kallon ɓarawo. Abin da nake so mu tattauna shi ne ko wannan tarewar ta dace. Ni dai ra'ayina ta dace, kuma mu mutanen karkara mun fi na birni bukatarta. Amma tana da sharaɗi mai nauyi a kan masu kafa ta, za mu zo kansa.

Mu fara da sanin su wa ake nufi. A Amurka ko Faransa, in an ce masaukin marasa gida, gini ne na musamman mai gadaje da ma'aikata da littafin rajista. A nan, masaukin wanda ya rasa gida shi ne zauren mai gari, ko rumfar masallaci, ko ajin lakwal lokacin hutu, ko tamfol da aka kafa a fili. Masu shigarsa kuma ba baƙin fuska ba ne. A daminar 2024 ambaliya ta taɓa mutum sama da miliyan ɗaya a Nijar, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. A shekarar ne gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, kuma cikin dalilan har da cewa iyalan da ruwa ya kora suna zaune cikin azuzuwa. Ga waɗanda ake maidowa daga Aljeriya tun Disamba 2014, mafi yawansu mata da yara na jahar Damagaram, musamman ƙasar Kance. Ba mu manta da mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a hamada a Oktoba 2013 ba, 52 daga cikinsu yara. Ga waɗanda aka kwaso da jirgin sama daga Dakar a Maris 2022, akasarinsu ƴan Kance da Magarya. Ga almajiran da gwamnonin arewacin Najeriya suka sallamo a 2020 lokacin korona. Kowane daga cikinsu ya kwana wani wuri da ba nasa ba, a hannun mutanen da bai zaɓa ba.

Cewa matasa su ne ke rugawa wurin, abin godiya ne, kuma gado ne. Kakanninmu suna da gayya, suna da sarkin samari, kuma a mulkin Seyni Kunce, bayan 1974, an farfaɗo da samariya har ta gina azuzuwa ta share garuruwa. Yau ga fada, wato majalisar samari, a kowace unguwa, ga ƴan agaji na ƙungiyoyin addini, ga matasan ƙungiyar agaji ta Kurwa Ruj ta Nijar wadda aka kafa tun 1963. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, saboda haka duk wanda ya ce za a yi aikin agaji a ƙasar Magarya ba da matasa ba, bai san yawan hannun da aikin yake ci ba. Ba na cikin masu cewa yara su zauna gida. Tambayar ita ce da wane tsari za su shiga.

Dokokin da irin waɗannan wurare ke kafawa kusan iri ɗaya ne ko'ina a duniya, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani. A yawancin masaukan Amurka da Ingila, wanda bai kai 18 ba sai da takardar yardar iyaye, ƙananan kuma sai tare da babba, kuma aikinsu yakan tsaya a kicin da wurin raba kaya. Ba a ɗaukar hoton mazauna. Ba a ba su kuɗi ko kyauta a ɓoye. Ba a keɓewa da yaro. Abin da aka gani ko aka ji a ciki ba a fita da shi. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, masu addini daban da al'ada daban, ba su isa ga ƙa'idoji iri ɗaya don kwaikwayo ba. Ɓarna iri ɗaya suka gani, suka toshe ta.

Ga inda nake ganin tushen maganar yake. Wanda gidansa ya faɗi ba rufi kaɗai ya rasa ba, ya rasa ikon cewa wane ya shigo, wane ya dakata. Jiya matar nan tana da danga, wanda zai ga ɗakinta sai ya yi sallama daga zaure an amsa masa. Yau tana kan tabarma a ajin lakwal tare da iyalai biyar, tana shayar da jariri, tana canza zane, tana kuka, kuma duk wanda ya ga dama yana iya leƙowa. In mai leƙowar yana riƙe da kwanon abinci, ba ta da bakin ce masa fita. Dokar masauki ita ce dangar wanda ba shi da danga: tana faɗa a madadinsa abin da kunya da bukata suka hana shi faɗa. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga musulmi. Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani, har ta ware lokuta uku da yaran gida ma sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan isha'i. In ɗan gida yana da iyaka a gidan ubansa, ta yaya ɗan sa-kai zai rasa iyaka a wurin da mutane suka fake don dole? Talauci ba ya sauke wa mutum haƙƙin a yi masa sallama.

Bari in daɗe kaɗan a kan maganar waya, don ita ce ta fi ɓata wa matasa rai, ita ce kuma ta fi saurin yin ɓarna. Saurayi ya raba kunu, ya ɗauki hoto da yaran da ya ba, ya sa a Facebook ko TikTok ko wani zauren WhatsApp. A zuciyarsa nuna alheri yake yi. Amma ku duba abin daga wajen wanda ke cikin hoton. Matar da aka maido daga Aljeriya ta riga ta san abin da ake faɗa a kan masu tafiya bara, wataƙila bashi ta ci ta tafi, wataƙila dangin mijinta ba su san inda ta je ba. Magidancin da ake girmamawa a ƙauyensu, wanda bara shi ke ba wasu tiyar hatsi, bana ga shi a layi da kwano. Yarinyar da ke cikin hoton nan da shekara huɗu za a zo neman aurenta. Ruwa zai janye, za a sake gina ɗaki, amma hoton yana nan cikin wayoyin mutanen Magarya da Kano da Agadas, ba mai iya kiransa ya dawo. Kuma kada wani ya ce ai na tambaya sun yarda. Yardar mai jin yunwa ga wanda ke riƙe da ludayi ba yarda ba ce, tsoro ne kada gobe a tsallake shi. Haka labarin baka. Abin da yarinya ƴar sa-kai ta ji wata mata tana faɗa wa malamar asibiti, in ta kai shi bakin rijiya da yamma, kafin gari ya waye ya isa ƙauyen matar.

Za a ce da ni, ai da hoton ake samun taimako, in mutanen birni da ƴan ci-rani ba su gani ba, ba za su aiko ba. Akwai gaskiya a ciki, gani ya kori ji. Sai dai abin da ke sa mutum ya aiko da kuɗi shi ne ya tabbata ɓarnar ta auku kuma kuɗinsa za su isa. Hoton gidajen da suka rushe, da rumbun da ruwa ya ci, da buhunan da aka saya, da lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, ya fi fuskar yaro mai kuka gamsar da mai hankali. In har dole sai an nuna mutum, to babba ne zai zauna da shi a natse, bayan an gama rabo, ya gaya masa inda hoton zai je, kuma ya tabbatar masa cewa ƙin yarda ba zai rage masa ko ƙwaya ba. Wannan aikin mai kula da wuri ne, ba na ɗan shekara 15 da wayar yayansa ba. Malamanmu kuma sun sha gaya mana cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, to a auna a gani ko yaɗa fuskar wanda aka ba bai shiga cikin cutarwa ba.

Dokar hana keɓewa da hana kyautar ɓoye tana da tarihi mai ɗaci, kuma a yankinmu na Afirka ta Yamma ya faru. A Fabrairu 2002 hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Save the Children suka fitar da rahoto a kan sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo. Yara mata suka ba da labarin yadda wasu ma'aikatan agaji, da yawansu ƴan ƙasa, ke neman su da lalata kafin su ba su abinci ko sabulu ko tamfol, kayan da tun asali haƙƙinsu ne. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da kowane zargi ba, amma ya tabbatar cewa cutar akwai ta. A Oktoba 2003 Kofi Annan ya fitar da umarni ga duk ma'aikatan Majalisar: haramun ne kusantar wanda bai kai 18 ba, haramun ne musayar kuɗi ko kaya ko taimako da jikin mutum. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka yi ɓarnar ba aljanu ba ne, mutane ne da aka ba iko kaɗan a kan wanda ba shi da komai, ba mai ganinsu. Ikon da ke hannun mai riƙe da takardar rabo ƙarami ne a idonsa, a idon mai jira kuwa shi ne abincin ƴaƴansa. Saurayi mai shekara 17 da aka ba wannan takarda, ga yarinya mai shekara 14 a layi, an ɗora masa jarabawar da manya da gemu suka faɗi. Hana shi keɓewa da ita kariya ce gare ta. Kariya ce gare shi shi ma, don ranar da wani ya yi masa ƙazafi, wanda bai taɓa zama shi kaɗai da kowa ba yana da shaidu.

Kyautar ɓoye kuwa, ko da tsarkakakkiyar zuciya aka yi ta, tana raba kan mutanen da ke kwana ɗaki ɗaya. Ka ba wannan yaro dala ashirin don ya shiga ranka, sauran goma suna kallo, iyayensu suna kallo. Gobe a ce wane ɗan gata ne, jibi a daina ci tare. Kurwa Ruj, cikin ƙa'idoji bakwai da ta amince da su a Biyana a 1965, ta sa rashin nuna bambanci: a fara da wanda ya fi bukata, ba wanda aka fi sani ba. Wannan yana da wuya a inda mai jira a layi gwaggonka ce ko maƙwabcin kakanka. Shi ya sa doka ke taimakon matashi. In gwaggo ta ce ɗana ƙara mini, yana da amsar da ba ta ɓata zumunci: Gwaggo, ba a hannuna yake ba, da takarda ake bayarwa.

Nan ne ake kawo hujjar da na fi ji daga dattawa, kuma ina girmama ta. Suna cewa waɗannan dokokin na birni ne, inda ba wanda ya san wani. Mu a Yekuwa mun san ɗan wane, mun san tarbiyyar gidansu, me zai sa mu nemi takarda? Amsata ita ce sanin junan nan shi ne ya sa muka fi bukatar ƙa'ida. A Yamai, in asirin mutum ya tonu, ya sauya unguwa ya huta. A ƙauye ba inda zai je, da mutanen nan zai yi sallah, da su zai ci kasuwa har ya mutu. Sannan sanin juna yana rufe baki. In wanda ya yi ba daidai ba ɗan babban gida ne, wace uwa ce cikin waɗanda aka ba mafaka za ta iya kai ƙararsa wurin mai gari, alhali a zauren mai garin take kwana? Kunya da kara, waɗanda suke adon zamanmu, su ne kuma ke sa wanda aka zalunta ya haɗiye. Ƙa'idar da aka sanar tun farko, ta hau kan kowa, tana hana abin ya kai ga inda sai an yi ƙara.

Akwai kuma lafiyar ɗan sa-kai kansa, wannan ba ya bukatar dogon bayani. Inda mutane suka cunkushe, cuta tana gudu. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da sanƙarau ya kama a jahar Damagaram, 18 suka rasu, kuma gundumar Dungas ce ta fi yawan masu cutar. Mun ga kwalara a 2021, mun ga mashaƙo a 2023. In aka ce wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci, kada ka shiga ɗakin masu amai da gudawa, nuna katin rigakafi, in kana tari ka zauna gida, ba wulaƙanci ba ne. Yaron da ya ɗauko cuta ba shi kaɗai zai kwanta ba, ƙannensa zai kai wa. Duk wanda ya taɓa jinyar yaro a sashen yara na asibitin Magarya, inda likitocin ƙungiyar MSF suka fara aiki tun 2005, ya san cewa ba kowa ake bari ya shiga ko'ina ba, kuma iyaye mata sun karɓi haka don sun ga amfaninsa. Bayan cutar jiki akwai nauyin zuciya. Matar da ta binne ɗanta a hanyar Aljeriya, in ta fara ba da labari, babba ma sai ya daure. Ba daidai ba ne a bar yarinya ƴar shekara 14 ta kwashe wannan ita kaɗai ta tafi da shi gida ta kasa barci.

Sai maganar shekaru, inda matasa suka fi ganin an raina su. Suna cewa, kuma da gaskiyarsu, a nan ɗan shekara 15 yana noma gonar gidansu, yana kai dabbobi kasuwar Maigatari, yana tafiya ci-rani Kano shi kaɗai. Wa zai ce bai isa raba kunu ba? Ya isa, kuma ba wanda ya ce kada ya raba. Iyakar shekaru ba a kan ƙarfi take ba, a kan irin amanar da ake ɗora wa mutum take: riƙe mabuɗin sito, kwana a wurin, sasanta faɗan miji da mata, yanke wa za a ba wa za a hana. Cewa wahala ta sa yaranmu ɗaukar kayan manya tun da wuri ba hujja ba ce ta mu ƙara musu. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta sa shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar aiki, yarjejeniyar duniya ta 1999 da ƙasarmu ta amince da ita kuma ta hana sa wanda bai kai 18 ba aiki mai haɗari. Masu ilimin addini sun san labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su: ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana da shekara 14, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da shi, ranar Handaƙu yana da 15 aka karɓe shi. Ba wanda ya ce an raina imaninsa ko jarumtarsa. An ce masa da saura, ya jira, lokacinsa ya zo.

Yanzu ga hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. Wani zai ce, dokokin nan su ne mafakar macuta. A hana waya, a hana shiga, a hana faɗin abin da aka gani, sai mai kula da wuri ya karkatar da buhuna ko ya azabtar da yara ba mai sani. Wannan ya faru. A Satumba 2019 ƴan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka sami mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa. A Oktoba na shekarar aka buɗe wani a Daura, nan kusa da mu. Waɗannan gidaje suna da dokoki masu tsanani, kuma dokokin ne suka rufe ɓarnar shekara da shekaru. To ta yaya za a bambance doka mai kare mazauni da doka mai kare mai gida? Da tambaya ɗaya: shi mai kafa dokar, ta hau kansa? In an ce kada kowa ya keɓe da yaro, shugaban wurin ma ba ya keɓewa. In an ce rabo da takarda, takardar a fili take, mai gari da liman da wakiliyar mata suna iya dubawa. In an ce a rufa asirin mazauna, asirin mazauna ake nufi, ba asirin ma'aikata ba. Ɗan sa-kai da ya ga ana dukan yaro, ko ana sayar da kayan agaji, ko wani babba yana kiran yarinya gefe, wajibi ne ya faɗa, kuma dole tun ranar farko a gaya masa wanda zai faɗa wa, mutumin da ba ya ƙarƙashin shugaban wurin. Duk masaukin da ya hana ka magana a kan mazauna ya kuma hana ka magana a kan masu kula, ka sanar da iyayenka, su sanar da hukuma.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗin da na ambata. Wanda ya tare matashi a ƙofa ya ce ba ka shiga nan, bashi ne a kansa ya nuna masa inda zai shiga. Korar yaro da kalmar doka ce kawai, ba bayani ba aiki, lalaci ne, kuma asara ce, don zuciyar da ta taso da niyyar alheri in aka mayar da ita sau biyu ba ta dawowa ta uku. Aiki kuwa ba ya ƙarewa. Akwai ɗebo ruwa daga famfo da cika randuna, akwai itace, akwai share fili da haƙa ramin shara, akwai ɗaura gidajen sauro da rana kafin masu su su kwanta. Ɗalibin kwaleji mai kyawun rubutu yana iya zama kusa da babba yana rubuta sunaye. Ƴan mata su biyu ko uku, tare da wata dattijuwa, suna iya tara ƙananan yara a inuwa a bainar jama'a, su yi musu karatu da wasa, iyayensu mata su sami sararin wanki da hutawa. Fada guda tana iya ɗaukar nauyin buga tubali don gidan wata gwauruwa, wanda shi ne taimakon da zai fitar da ita daga masaukin gaba ɗaya. Kuma a zaunar da su a gaya musu dalilin kowace ƙa'ida, kamar yadda muke yi yanzu. Matashin da ya gane dalili shi ne zai tsare dokar ranar da babba ba ya nan.

Iyaye, ku ma da naku. In ɗanku ko ƴarku ta ce za ta je taimako, kada amsar ta zama a'a kawai ko to kawai. Ku tambaya wane babba ne ke kula da su, ku san shi da suna, ku san lokacin dawowa. Ƴan mata musamman kada a hana su don tsoro, domin matan da ke masaukin sun fi sakewa da ƴa mace, akwai bukatun da ba za su taɓa gaya wa namiji ba. A tura su tare, ƙarƙashin mace babba, su dawo kafin magariba.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Ƙa'idar da aka ƙirƙiro ranar da ruwa ya ci gari, cikin ruɗani, ita ce ke zama rigima, don kowa yana ganin shi aka nufa. Gara a zauna tun da rani, kafin Yuli da Agusta: mai gari, da liman, da daraktan lakwal da kwamitin iyayen yara, da malamin asibiti, da shugabar ƙungiyar mata, da shugabannin fada su kansu. A yanke wane aji ko wane zaure za a buɗe, ina mata za su kwana, ina makewayi, wa zai riƙe takarda, wa za a kai wa ƙara in ba a son zuwa wurin shugaba. A rubuta a takarda guda da boko da ajami, a karanta bayan sallar Juma'a, a kai kwafi ofishin ƙaramar hukuma. In mutane sun sauka kuma, a karanta musu su ma, a tambaye su abin da suke so a ƙara, domin su ne za su kwana a wurin.